Kada ki hau jirgi sai takardar dawowa tana hannunki

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. In na fahimce ki, kin shiga Amurka da bizar ziyara, kin auri ɗan ƙasa, kun shigar da I-485, wato fom ɗin neman girin kad (katin zama na dindindin), wata huɗu ke nan, ga Mama kwance, kuma kina ganin tunda bizar da ke fasfonki ba ta mutu ba za ki je ki duba ta ki dawo. Don Allah ki dakata.

Ranar da kika fita ƙasar ba tare da izinin dawowa ba, wanda suke kira adbans farol, hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, za ta ɗauka kin yi watsi da neman girin kad ɗinki. Kuɗin da kuka biya ya tafi ke nan. Ita kuwa bizar ziyarar ba za ta cece ki ba, domin ta wanda zai zo ya koma ce, ke kuma kin riga kin rubuta musu da hannunki cewa zama kike nema. Jami'in filin jirgi yana ganin wannan a kwamfutarsa. Waɗanda doka ta ɗaga wa ƙafa su ne masu bizar aiki irin H-1B da L-1 da iyalansu, da masu bizar iyali ta K-3 ko V. Ba kya cikinsu.

Fom ɗin neman izinin shi ne I-131. Ki duba ko lauyanku ya haɗa shi da I-485 tun farko, domin daga 1 ga Afrilu 2024 kuɗinsa daban ake biya, sai wasu suke tsallake shi don rage nauyi. Kuma shigarwa kawai ba ta wadatar ba, sai an amince kafin ki tashi. Kina fita yana kan layi, shi ma ya faɗi.

Ni ma na shiga wannan halin lokacin ciwon mahaifina. Nawa I-131 yana can shiru, gida kuma kullum waya. Abin da ya fisshe ni shi ne neman na gaggawa. Na kira layin hukumar na yi bayani, suka ba ni rana a ofishinsu na yankinmu. Na tafi da wasiƙar likita mai hatimin asibiti, da takardar haihuwata mai nuna cewa mahaifina ne, da rasit ɗin I-485, da hotuna biyu irin na fasfo. Matar da ta karɓe ni ta fi daɗewa a kan wasiƙar likitan fiye da komai, har tana bin layin da yatsa. Ran nan na fito da takardar, I-512L, ina riƙe da ita kamar ƙwai. Saboda haka ki sa a aiko miki da wasiƙar da ta faɗi ciwon da tsananinsa ƙarara, ba "tana jinya" kawai ba. In ba da Turanci aka rubuta ba, a haɗa da fassara mai shaidar mai fassarar.

Dawowar ma da nata. Ma'aikacin jirgin da na nuna wa takardar bai taɓa ganin irinta ba, sai da ya kira na gaba da shi. Da muka sauka kuma aka kai ni ɗakin bincike na biyu, aka karɓi fasfo, aka ce in ajiye waya. Kusan awa biyu ina zaune cikina na ƙugi, ƙarshe tambaya uku aka yi mini aka buga hatimi. Masu wannan takardar galibi sai sun bi ta ɗakin, kada ki tsorata. Amma ki sani izinin zuwa bakin ƙofa ne, jami'in hukumar kwastam da tsaron iyaka (CBP) ke da ta cewa a kan shiga. Ki kuma lura da inda za ki canja jirgi: in fasfonki na buƙatar bizar wucewa, Jamus da Ingila ba sa ɗaukar wannan takardar a matsayin girin kad.

Abu ɗaya ban gani a tambayarki ba, shi ne ko kin wuce wa'adin zaman da aka ba ki a I-94, takardar shigowarki ƙasar, kafin ku shigar da I-485. Dokar 1996 ta ce wanda ya zarce kwana 180 ba izini ya fita, shekara 3 ba zai dawo ba, in ya kai shekara ɗaya kuma shekara 10. Akwai hukuncin 2012 da ya ce fita da adbans farol ba ta jawo wannan, amma in kina da wannan tabon, ko wata tsohuwar matsala da kotun shige da fice, ki zauna da lauya kafin ki sayi tikiti. Shawarar "ai wance ta je ta dawo lafiya" ba ta aiki a nan, ba ki san me ke cikin fayil ɗin wance ba.

In an ba ki, kada ki daɗe. Maigida ya riƙa buɗe akwatin wasiƙa kullum, don sammacin ɗaukar zanen yatsa ko na ganawa yana iya zuwa kina can, rashin halarta kuma yana iya kashe fayil ɗin. Ni sati uku na yi, na dawo na tarar da wasiƙar ganawata a kan tebur, saura kwana tara.