Amsa kan kwamitin duba gidajen yari

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari saƙonka, inda kake cewa kwamitin da gwamnati ke kafawa ya duba gidajen yari ɓata kuɗi ne, wai mai laifi ba sai an tausaya masa ba. To ka yi haƙuri, ban yarda ba, kuma bari in faɗa maka dalili.

Da farko ma, ba kowa ne a ciki aka yanke wa hukunci ba. A Nijeriya kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, alƙali bai ce sun yi laifi ba tukuna.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne gandiroba. Shi fa ba a cika tunawa da shi ba. Warin da fursuna ke shaƙa shi ma shi yake shaƙa, tarin fuka in ya ɓulla ba ya tambayar wane ne mai kaki. A bar mutum ɗaya da ɗaki cike maƙil, ya kwana yana aiki, gari ya waye babu mai canjinsa, ƙarin girma shiru, albashi ba ya kai wata. Irin wannan in aka miƙo masa wani abu a ce ya shigo da waya ko ƙwaya, wallahi sai mai tsoron Allah ƙwarai ne zai ƙi. Kuma in ma'aikata suka yi kaɗan, me ake yi? Kulle mutane ake yi yini guda. Babu aji, babu koyon sana'a, mai zuwa kotu ma ba a samu mai raka shi ba, shari'arsa ta sake ɗagewa. Ka ga cunkoson ya ƙaru ke nan.

Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙa'idojin kula da fursunoni da ta amince da su a 2015, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Mandela, ta ware wa ma'aikata nasu sashe. Ƙa'ida ta 74 cewa ta yi a ɗauke su aiki na dindindin, a biya su albashin da zai jawo mutanen kirki ya kuma riƙe su. A ƙasar Norway shekara biyu ake horar da gandiroba, yana karɓar albashi.

Batun cewa rahoto ba ya haifar da komai kuwa, wani lokacin gaskiyarka ne, ana ajiye shi ya yi ƙura. Amma ba kullum ba. A 1990 fursunoni suka yi bore na kwana 25 a gidan yarin Strangeways da ke Manchesta a Ingila, gidan da aka tanada wa mutum 970 aka cusa fiye da 1,600. Aka ɗora wa alƙali Woolf bincike, ya miƙa rahoto a 1991, ya ce a daina sa mutane bayan gida a bokiti cikin ɗakin kwana. Gwamnati ta karɓa, ta sa wa'adi, aka shiga aikin gina bandakuna.

Saboda haka Malam, in rahoton ya fito, ni abin da zan fara nema shi ne ko sun zauna da ƙananan gandirobobi ba tare da manyansu a wurin ba, domin gaban oga babu mai buɗe baki. Sai kuma in duba ko an rubuta ma'aikata nawa za a ɗauka, da wace shekara, da inda kuɗin zai fito a kasafi. Wanda ya fara samun kwafinsa don Allah ya turo mana nan.