Tambayi Malam: 'Yan Aji Uku da Jarrabawar Tarihi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo. Soshiyal na karanta a kwalejin ilimi, amma bana shugaban makaranta ya ɗora mini darasin tarihi na aji uku saboda babu mai koyar da shi. Yara sun haura tamanin a aji, littafi kuma guda ɗaya ne, shi ne wanda ke hannuna. Da na gwada su sai na tarar karatun aji ɗaya da na aji biyu kusan babu komai a kansu. Ga jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, saura wata biyu. Ta ina zan kama?
Wata malama, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama. Ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai abin ya shafa ba. Tun zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya saura cikin soshiyal. Sai a Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi, ta ce ta ware malamai 3,700 za a horar, wato ɗari-ɗari daga kowace jiha da Abuja. Malami ɗari a jiha mai ƙananan hukumomi 34 kamar Katsina, ke ma kin san iya inda za su kai. Shi ya sa kayan suka faɗo kan irinku.

Idan sau biyu kike shiga ajin a mako, darasi goma sha shida ne ya rage miki. Ba za su isa ki koyar da karatun shekara uku ba, kada ma ki gwada. Abin da za su isa ki yi shi ne ki sa yaran su san me ya riga me, da kuma dalili. Yaron da ya san wannan, ko bai haddace amsa ba, zai iya kore amsoshi biyu ko uku daga cikin zaɓin da aka ba shi.

Ki nemi igiya doguwa ki ɗaure ta daga wannan bango zuwa wancan, sama da allo. Ki sa yara su kawo tsofaffin kwalaye a yanka su ƙanana. Kowane kwali shekara ɗaya da abu ɗaya, da manyan baƙaƙe yadda na bencin ƙarshe zai hango. Na farko daga hagu Nok, tun kafin haihuwar Annabi Isa. Sai Igbo-Ukwu a ƙarni na 9. Sai 1235, Sundiyata ya ci yaƙin Kirina ya kafa Mali. Sai 1324, hajjin Mansa Musa. 1463, Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano. 1591, sojojin Maroko sun karya Songhai a Tondibi. 1804, jihadin Shehu Usmanu. 1861, Ingila ta mallake Legas. 1884 zuwa 1885, taron Balin, inda Turawa suka tsara rabon Afirka a tsakaninsu. 1903, Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa. 1914, haɗe Arewa da Kudu. 1960, 'yancin kai. Goma sha biyu ke nan, kuma sun isa a makon farko. Duk abin da kika koyar daga baya, a tsakanin waɗannan za ki rataye shi. Kullum kafin a fara darasi ki ciro kwali uku ki cakuɗa, ki kira yaro ya mayar da su mazauninsu. Minti biyar ne, amma kada ki tsallake shi ko sau ɗaya.

A kan wannan igiyar za ki warware matsalar ƙarni, wadda ke cinye wa yara maki a banza. Yaro zai ga 1804 ya ce ƙarni na 18, alhali na 19 ne. Hajjin Mansa Musa a ƙarni na 14 yake, ba na 13 ba. Ki nuna musu cewa ƙarni na farko ya ƙare ne a shekara ta 100, don haka lambar ƙarni tana gaba da ɗaya, ban da shekarun da suka ƙare da sifiri biyu kamar 1900, wadda take ƙarni na 19. Ki yi ta jefa musu shekaru suna ba ki ƙarni har bakinsu ya saba.

Sai ki ba kowace shekara labarinta, domin shekara tsirara ba ta zama a kan yaro. Ɗauki 1914. Kowa na iya cewa Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu ranar 1 ga Janairu. Me ya sa? Kuɗi ne babban dalili. Kudu na da bakin teku, tana karɓar kuɗin fito na kayan da ke shigowa, har rara take yi. Arewa kuwa abin da take tarawa bai isa ya riƙe gwamnatinta ba, sai baitulmalin Ingila ya yi ta cike giɓi. Ga kuma layin dogo da ya iso Kano a 1911, yana bukatar hukuma ɗaya ta riƙe shi. Yaron da ya ji wannan ba zai taɓa sa 1914 gaba da 1903 ba, don ya gane sai da aka ci ƙasar da yaƙi kafin a haɗa ta. Haka Tondibi: Songhai na da dawakai da dubban mayaƙa, rundunar Judar Pasha ba ta kai su yawa ba, amma ta ƙetaro Sahara da bindigogi. Kwaɗayin zinariya da ma'adinin gishiri na Taghaza ya kawo su. Kin ga daga nan kin shiga cinikin Sahara ba tare da kin buɗe sabon babi ba.

Ki yi bayanin da Hausa, babu laifi, amma kwalayen da duk abin da za ki rubuta a allo su kasance da Turanci, tunda da shi za a yi tambaya.

Yanzu ga inda nake son ki saurare ni da kyau. Mu malaman Arewa muna da wata ɗabi'a: mu yi mako uku a kan ƙasar Hausa da jihadi saboda nan ne bakinmu ya fi zaƙi, sannan mu bi ta kan Ife da Binin da Tibi a guje. Manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu, ta tsara ta Najeriya ce baki ɗaya, kuma daga cikinta ake ciro tambaya. Yaron Funtuwa ya riga ya ji sunan Shehu da Sarauniya Amina tun yana goye. Wanda bai taɓa ji ba shi ne Oyomesi. To ki ba abin da bai sani ba lokaci mafi yawa, ki kuma kama shi ta hanyar abin da ya sani. Oyomesi su bakwai ne, Bashorun ke jagorantar su, su ke zaɓen Alafin na Oyo kamar yadda masu zaɓen sarki ke yi a masarautunmu, sai dai su har suna da ikon su ce wa sarki ya kashe kansa idan ya kauce hanya. Ibo da Tibi kuwa yawancinsu ba su da sarki ɗaya da ke mulkin kowa, dattawan dangi da ƙungiyoyin tsara ke yanke hukunci. Sarautar Tor Tiv ma, wato babban sarkin Tibi, a shekarun 1940 aka ƙirƙiro ta, zamanin Turawa. Wannan bambancin shi ya sa mulki ta hannun sarakuna ya zauna wa Turawa a Arewa, amma a gabas hakiman da suka naɗa da takarda suka jawo boren matan Aba na 1929.

Wuraren tarihi huɗun nan kuma, ki rarrabe musu su da abin da aka yi kayan da shi. Nok, a kudancin Kaduna, mutum-mutumin yumɓu ne gasasshe, masu haƙar kuza suka fara cin karo da shi a 1928, Bernard Fagg ya yi nazarinsa. Igbo-Ukwu, a jihar Anambra, tagulla ce, wani mutum ya tono ta yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa, Thurstan Shaw ya zo ya yi haƙa daga 1959. Ife kawunan tagulla da na yumɓu masu kama da fuskar mutum sak. Binin allunan tagulla da hauren giwa, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Yara na yawan musanya Fagg da Shaw, ki sa ido a nan.

Mako biyun ƙarshe ki bar su ga tambayoyin shekarun baya. Ki tabbatar na hukumar da za ku rubuta ne, don BECE ta NECO daban, ta jiha daban. Ki rubuta goma a allo, su amsa, su yi musayar takarda su duba wa juna, don ke kaɗai ba za ki iya makin takarda tamanin kowane mako ba. Wanda ya ci, ki tambaye shi me ya sa sauran amsoshin ba daidai ba ne. Allah ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne, karatun bokona bai yi nisa ba. Na saya wa ɗana littafin tambayoyin shekarun baya mai amsoshi a bayansa, ya haddace shi kamar karatun allo. Amma da yayarsa ta tambaye shi ina daular Ghana take, sai ya ce can inda muke saro goro. Ta ce ba haka ba ne. Wa ke da gaskiya, kuma haddar nan za ta fisshe shi?
Wani mahaifi, daga Kano

AMSA: Alhaji, yarinyar ce ke da gaskiya. Tsohuwar daular Ghana ta mutanen Soninke ce, tana yankin da yau ya zama kudancin Muritaniya da yammacin Mali, babban birninta Kumbi Saleh. Ghana ta goro kuwa Gold Coast ake kiranta, sai da ta sami 'yanci a 1957 ta ari sunan. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa.

Hadda ba laifi ba ce, mu da muka tashi da allo mun san amfaninta. Matsalar ita ce abin da ya haddace. Idan "lamba ta bakwai amsarta C" ya riƙe, ranar da aka juya tambayar ya shiga uku. Ga shi wasu littattafan da ake sayarwa a bakin titi akwai kurakurai a amsoshinsu, yaro ya haddace kuskure da ƙarfinsa. Ka sa yayarsa ta riƙe littafin, ta karanta tambayar ba tare da zaɓin ba, ya ba da amsa da bakinsa, ya ƙara jimla ɗaya ta bayani. Abin da ya kasa, su koma littafin aji.

Kai kuma kana da abin da malaminsa ba shi da shi: kana Kano. Ranar da ba ka fita kasuwa ba, ka kai shi Gidan Makama, kuɗin shiga kaɗan ne. Ku bi ta Kurmi ka gaya masa tun zamanin Rumfa ake ciniki a nan, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas su sauke kaya, su ɗauki fata da turkuɗi su koma. Ka ba shi labarin fataken Gwanja yadda ka ji daga iyayenka. Cinikin Sahara babi ne guda a aji uku, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin me ake nufi da madugu da zango da fito. Ka nemo masa taswirar Afirka ta Yamma ka manna a ɗakinsu, ya riƙa nuna Tambutu da Gawo da Bilma da yatsa.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar aji uku ce. Malaminmu ya ce labarin Bayajida ba lallai ne ya faru yadda ake faɗa ba. Kakata ta ce ƙarya yake yi, ita ta je Daura ta sha ruwan Kusugu. Idan ya fito a jarrabawa me zan rubuta?
Wata ɗaliba, daga Haɗeja

AMSA: 'Yata, ki gaishe mini da Kaka, ki ce rijiyar tana nan ba wanda ya musa. Malaminku ma bai yi ƙarya ba. Labarin Bayajida tarihin baka ne, an yi ta miƙa shi daga kaka zuwa jika shekaru aru-aru kafin a rubuta, kuma irin wannan labari yakan dunƙule abubuwan da suka ɗauki ƙarnoni ya mayar da su aikin mutum ɗaya. Labarin da kansa ya nuna Bayajida ya tarar da gari da sarauniya da maƙera, wato akwai mutane da mulki kafin zuwansa. A Kano ma an ce Bagauda ya tarar da mutanen Barbushe a gindin Dala, kuma masu binciken ƙasa sun sami alamun narkar da ƙarfe a wurin tun wajajen ƙarni na 7.

A jarrabawa ba za a ce ki yanke hukunci tsakanin Kaka da Malam ba. Za a tambaye ki abin da labarin ya ce: sunan rijiyar Kusugu, sarauniyar Daurama, ɗansu Bawo. Za a iya cewa ki fitar da bare daga cikin Hausa Bakwai, don haka ki riƙe su: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, wadda take nan kusa da ku, Garun Gabas. Idan kin ga Zamfara ko Kabi ko Yawuri a cikin zaɓin, na ɗaya jerin ne, wato Banza Bakwai. Idan kuma aka tambayi wane irin tushen tarihi ne wannan labari, amsar ita ce tarihin baka. In rubutu aka ce ki yi, ki fara da "bisa ga tarihin baka", sannan ki kawo labarin yadda Kaka ta ba ki shi.