Tambaya da Amsa: Gasar Hoto da Ƙaramar Kyamarar Fim

Tambaya: Ƙungiyarmu ta shirya gasa da ƙananan kyamarorin fim masu saita kansu. Kowa fim ɗaya tak, hoto 36. Me zan kiyaye? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, nemi fim mai milimita 35, ISO 400 (ma'aunin saurin karɓar hasken fim), kamar Kodak Ultramax, don yana jure inuwa da hasken yamma. Kafin ka sa shi, duba soson da ke gefen murfin bayan kyamarar. In ya narke yana danƙo, haske zai kutsa, jan layi ya ɓata hotunan. Sauya shi, ko ka manne gefen da baƙin salatif.

Filashin irin waɗannan kyamarori ba ya wuce mita 3 zuwa 4, don haka kashe shi in abin yana nesa. Kada ka matso ƙasa da mita ɗaya, hoton zai yi dishi-dishi. Danna maɓallin ɗaukar hoto rabi, jira koriyar fitila ta kama, sannan ka ƙarasa.

Zafi yana dusashe launin fim, kada ka bar shi cikin mota da rana. Murfin kuwa, ba a buɗe shi sai injin ya gama naɗe fim cikin gwangwaninsa.