Mai gyara ya ce a saita ƙwaƙwalwar tsohuwar motata, in cire daga jari?

Tambaya: Ina kai wa masu shaguna kaya da wata tsohuwar mota ƙirar 1998, mai shan fetur, ba ta da turbo. Shan mai ya yi mata yawa, kuma in na yi lodi da ƙyar take ja. Wani mai gyara ya ce zai sake saita ƙwaƙwalwar injin, ko ya sa sabuwa, ta ƙara ƙarfi ta kuma rage shan mai. Daga jari zan cire kuɗin. In yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ɗan dakata, kada ka taɓa jarinka tukuna. Motar nan ita ce ƙafar kasuwancinka, ina so ka fahimci abin da ake shirin sayar maka.

Ƙwaƙwalwar da ake kira ECU ƙaramar kwamfuta ce. Tana karɓar labari daga na'urorin da ke auna iska da zafi da hayaƙi, sai ta yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Saita ta shi ne canza wannan lissafi. A injin turbo ana samun ƙari mai kauri, domin ana iya ƙara masa matsin iska. Naka kuwa iskar da yake zuƙa da kansa kaɗai yake da ita, abin da zai ƙaru kaɗan ne, ba za ka ji shi a hawa da lodi ba. Alkawarin rage shan mai ya fi damuna. Injin fetur yana ƙona kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai. In wanda bai ƙware ba ya rage man fiye da ƙima, injin zai ɗau zafi, ya fara ƙwanƙwasa, fistin ya iya narkewa a hanya da kayan mutane a bayanka.

A mota mai shekaru haka, galibi ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, labarin ƙarya ake kai mata. Na'urar auna hayaƙi da ke jikin salansa in ta gaji, ko ta auna zafin ruwa tana cewa injin na da sanyi alhali ya yi zafi, kwamfutar za ta yi ta zuba mai. Ga nozul mai datti, fulogi da ya ci, matatar iska da ta toshe, birki mai kamawa. A sa na'urar bincike a karanta. Amurka ta wajabta soket ɗin OBD-II mai ramuka 16, inda ake jona wannan na'ura, tun 1996, Turai sai 2001 ga motocin fetur, don haka ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga ko taka tana da shi. A kuma auna matsin kowace silinda; in zobban fistin sun ci, babu saitin da zai dawo da ƙarfi. Ko ƙwaƙwalwar ce da laifi, a motocin shekarun 1990 sau da yawa ƙananan kafasito, masu riƙe caji, ne suke yoyo a kan allon cikinta, mai gyaran lantarki zai canza su.

Sabuwar ƙwaƙwalwa irin su Haltech ko MegaSquirt kuwa, masu tseren mota suka fi amfana da ita. Tana buƙatar sake wayoyi da awanni ana gwaji, kuma makullin tsaro ko giya mai canza kanta na iya ƙin aiki da ita. Kowace rana da motar ta kwana a gareji, wani ne yake kai wa abokan cinikinka kaya. A wasu ƙasashe ma dokar hayaƙi da kamfanin inshora ba su yarda da canjin da ba a sanar ba.

Ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka riƙa yin haka na mako biyu don ka san yawan man da take sha. Ka yi gyaran da na lissafa, ka sake aunawa. In bayan nan kana son saitin, ka raba kuɗin aikin da abin da za ka rage na mai a wata, ka ga watanni nawa zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. In watannin sun kusa sauran rayuwar motar, ka bar shi. In ka ga zai biya, ka yi daga riba, kuma ka sa mai gyaran ya ba ka kwafin saitin kamfani, ko ya mayar maka da tsohon guntun da ya cire daga cikin ƙwaƙwalwar, kafin ka biya shi.