Shin yawan harsuna ne ke rikita ɗana a makaranta?

Tambaya: Ɗana yana aji biyu na firamare a Aboabo, Kumasi. A gida Hausa muke yi, a unguwa yana Twi da abokansa, a makaranta kuma Turanci. Yana cakuɗa harsunan, karatunsa kuma ya ja baya, har malaminsa ya ce mu daina yi masa Hausa. Shin mu bi wannan shawara?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kada ki daina yi masa Hausa. Cakuɗa harsuna ba alamar rikicewa ba ce. A 1980 masaniyar harsuna Shana Poplack ta nazarci 'yan asalin Puerto Rico mazauna New York, masu magana da Sifaniyanci da Turanci, ta gano cewa masu sauya harshe a tsakiyar jimla suna kiyaye nahawun harsunan biyu, kuma waɗanda suka fi ƙwarewa a duka biyun su ne suka fi yin haka. Ki lura da shi a kasuwar Asawase, yadda zai yi ciniki da mai tumatir da Twi, sannan ya waiwayo ya gaya miki farashin da Hausa. Yaron da ya san harshen da ya dace da kowane mutum bai rikice ba.

A ganina matsalar tana wani wuri dabam. Tun 1979 masanin koyon harshe Jim Cummins ya bambanta harshen hira da harshen karatu. Na hira, wanda fuska da hannu da abin da ke gaban ido suke taimaka wa yaro ya fahimta, yakan samu cikin kamar shekara 2, amma na karatu, wanda da shi ake bayyana dalili, a kwatanta abu biyu, a gane tambayar lissafi da ke rubuce, yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Shi ya sa yaro zai iya gaisuwa da Turanci tiryan-tiryan, malami ya ɗauka ya iya, alhali littafi yana gagararsa.

Abin da ke taimaka masa shi ne cewa ilimin da ya samu da harshe ɗaya yana binsa zuwa wani. Idan ya fahimci rabawa a lissafi da Hausa, sunanta kawai zai koya da Turanci. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, an koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci yana darasi guda, kuma ba a bar su a baya ba ko a Turancin. Abin takaici, Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta amince a koyar a makarantu, saboda haka nauyin ya dawo kan gida.

Don haka ki faɗaɗa Hausar da kike yi masa, kada ta tsaya a “zo” da “tafi” da “ɗauko min”. Ki yi masa tatsuniya, ki tambaye shi dalilin da ya sa Gizo ya yi abin da ya yi. Idan ya dawo daga makaranta, ki sa ya bayyana miki darasin ranar da Hausa, bayan kwana biyu ki sake tambayarsa, domin maimaitawa a rarrabe ta fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da wadda aka yi a zama ɗaya.

Amma idan kin ga ko da Hausar ma yana kasa bin umarni mai sauƙi, ko sai an ɗaga murya yake amsawa, to ki kai shi asibiti a duba jinsa tukuna.