Me ya sa ba a ɗaukar wanda ya zo na biyu a matsayin mataimaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Zariya, ina bin siyasa ta rediyo. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, in an gama zaɓen fidda gwani, me ya hana wanda ya ci ya ɗauki wanda ya zo na biyu ya zama mataimakinsa, a zauna lafiya? Doka ce ta hana, ko son rai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Babu dokar da ta hana. Sashe na 142 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa ɗan takarar shugaban ƙasa ya fitar da abokin takara daga cikin jam'iyyarsa, in ba haka ba takararsa ba ta inganta ba. Bai ce daga wane yanki ba, bai ce wane addini ba. Wannan duk lissafi ne na 'yan siyasa, kuma tushensa sashe na 134 ne, wanda ya ce ban da rinjayen ƙuri'u, sai an samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Shi ya sa ɗan Arewa ke duba Kudu, ɗan Kudu ya duba Arewa, tun daga Shagari da Ekwueme a 1979.

An taɓa yin yadda kake so. A 1993 Abiola ya kayar da Babagana Kingibe a taron SDP na Jos, sannan ya ɗauke shi, duk da cewa su biyun Musulmi ne. Amma bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, Kingibe ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje a gwamnatin Abacha. Manyan 'yan siyasarmu ba su manta da wannan ba.

Matsalar wanda ya zo na biyu ita ce yana da rundunarsa. Mutumin da ya zagaya jihohi yana neman daliget, ya kashe dukiya, ya tara yara, ba ya zuwa fadar gwamnati da niyyar zaman jira. Obasanjo ya ɗanɗana haka. Atiku bai yi takara da shi a 1999 ba, amma shi ke riƙe da mutanen marigayi Shehu Musa 'Yar'adua, har ya bar kujerar gwamnan Adamawa da ya ci don ya zama mataimaki. Kafin wa'adi na biyu ya ƙare sun zama kamar wuta da auduga, kuma a 2007 Kotun Ƙoli ta ce shugaba ba shi da ikon tsige mataimakinsa don ya sauya jam'iyya. Ka ga ke nan minista ana sallamarsa da takarda ɗaya, mataimaki kuwa in ka ɗauka ka ɗauka, sai dai majalisa ta cire shi. Wanda ya san haka zai fi neman mutumin da zai iya juya wa baya ya yi barci.

Shekarar 2022 ce ta fi fito da abin fili. A taron PDP na watan Mayu, Atiku ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237, bayan Tambuwal ya janye ya mara wa Atiku baya. Mutane da yawa sun zaci Wike za a ba, sai aka ji Ifeanyi Okowa na Delta. Daga nan gwamnoni biyar suka yi tawaye: Wike, Ortom, Makinde, Ikpeazu da Ugwuanyi. Da aka zo zaɓen 2023, an bayyana Tinubu a matsayin wanda ya ci Ribas, jihar Wike wadda PDP ta saba kwashewa, ita kuma Delta, gidan Okowa, Peter Obi ne ya ci. Tazarar Tinubu da Atiku wajen ƙuri'a miliyan 1.8 ce. A ganina kuskuren ba a ƙin ɗaukar Wike yake ba, don Atiku ya san ciwon mataimaki mai ƙarfi, shi ma ya taɓa zama ɗaya. Kuskuren shi ne ba a yi sulhu da shi ba kafin sanarwa. Wanda ya sha kaye yana buƙatar a kira shi, a ba mutanensa gurbi a kwamitin yaƙin neman zaɓe, a yi masa alkawarin da za a iya cikawa.

A APC kuwa, wanda ya bi Tinubu a baya Rotimi Amaechi ne, ɗan Kudu kamarsa, don haka maganar ba ta ma taso ba. Sai da aka fara miƙa wa INEC sunan Ibrahim Masari na riƙon ƙwarya don kada wa'adi ya wuce, kafin a sanar da Kashim Shettima a Daura a watan Yuli. Ƙungiyoyin Kiristoci sun yi ƙorafi sosai, kuma ƙorafin yana da tushe. Tinubu dai ya auna cewa Musulmin Kudu ba zai samu Arewa ba sai da Musulmin Arewa. Duk da haka, a Arewa maso Gabas Borno, jihar Shettima, kaɗai ya ci, sauran biyar ɗin Atiku ne.

Wannan ne abin da ke damuna, Alhaji. Mataimaki ba ya kawo ƙuri'ar da ake zato, amma ana zaɓensa kamar ita kaɗai ce aikinsa. Sashe na 146 ya ce shi zai gaji kujerar in shugaba ya rasu. Da aka haɗa Umaru 'Yar'adua da Goodluck Jonathan a ƙarshen 2006, hankali ya fi karkata ga kwantar da rikicin Neja Delta, yankin Jonathan. Ranar 5 ga Mayun 2010 Allah ya karɓi ran 'Yar'adua, Jonathan ya riƙe ƙasar har 2015, kuma yarjejeniyar karɓa-karɓa ta PDP ta wargaje tun daga nan. Ghana ma ta ga irin haka a 2012, lokacin da John Mahama ya gaji Atta Mills. Don haka in an sanar da abokin takara a zaɓe mai zuwa, ka tambayi masu tallarsa abin da ya taɓa riƙewa, da yadda ya bar shi.