Ta ina zan fara tura gyara ga manhajojin buɗaɗɗen tushe?

Tambaya: Malam, shekara guda ke nan ina koyon Python, yaren rubuta manhaja. Ina so in fara ba da gudummawa a manhajojin da kowa ke iya ganin kod ɗinsu, amma da na buɗe GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin irin waɗannan manhajoji, sai kaina ya ɗaure. Ta ina ake kamawa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, ina zargin manyan manhajoji ka nufa. Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991, yau layukan kod ɗinsa sun haura miliyan 30, kuma ta imel ake tura masa gyara. Bar shi tukuna.

Duba kwamfutarka, wace ƙaramar manhaja kake amfani da ita kullum? Ita ka fi sanin inda take ciwo. Je shafinta, ka karanta fayil ɗin CONTRIBUTING.md, mai ɗauke da ƙa'idojin tura gyara, tun daga farko har ƙarshe. Sannan ka duba yaushe rabon da masu kula da ita su karɓi gyaran wani. In an shekara shiru, wuce gaba. In da rai, nemi matsalolin da aka liƙa wa tambarin "good first issue", wato masu dacewa da sabon shiga, ka rubuta a ƙarƙashin ɗaya cewa za ka gwada, kada ku yi aiki biyu kai da wani.

Ni gyarana na farko layi uku ne. Wata manhaja tana watsar da ƙ da ɗ da ɓ in tana tace rubutu, sai "ƙasa" ta dawo "asa". Wanda ya rubuta ta bai taɓa cin karo da haruffan nan ba, ni kuwa da su nake kwana nake tashi. Sau biyu ya dawo min da aikin, ya ce in haɗa da gwajin da zai nuna gyaran ya yi. Na ji haushi a ranar, amma a nan na koyi rubuta gwaji.

Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren kod, ba wuya: kwafi ma'ajiyar kod ɗin zuwa asusunka na GitHub, buɗe reshe, wato wurin aiki na daban da ba zai taɓa asalin kod ɗin ba, yi gyara ɗaya tak, ka tura buƙatar a haɗa shi da bayani gajere.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne gyaran neman suna. A Hacktoberfest na 2020, shirin ƙarfafa tura gyara da aka yi a watan Oktoba, mutane suka yi ta ƙara waƙafi da kalmomin banza don samun riga kyauta, har DigitalOcean, kamfanin da ya shirya shi, ya sauya doka, sai ayyukan da suka amince kaɗai ake ƙirgawa. In kana hangen Google Summer of Code, shirin Google da ke biyan sababbin shiga kuɗi su yi aiki a irin waɗannan manhajoji, ka sani masu zaɓe sukan duba gyaran da ka riga ka tura musu, don haka ka fara watanni kafin a buɗe neman shiga.